Ɗora Jirgin Ruwa Kan Tirela: A Bar Wa Ruwa Dakon

Jirgin ruwa abu ne mai hali biyu. Muddin yana kan ruwa, yaro ɗan shekara goma ya iya tura shi da hannu ɗaya, ko da an shaƙe shi da buhunan hatsi. Amma da zarar cikinsa ya taɓa ƙasa, sai ya rikiɗe ya zama dutse, ƙarti goma su taru a kansa suna nishi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwata a Yawuri, ko Lakwaja, ko Ibi, ran da za a fid da jirgi a ɗora a mota, ya san yadda a ke yi. A tara samari, wani ya ba da waƙa, a yi ta turawa da ƙirji da kafaɗa, har jirgin ya hau ko kuwa wani abu ya karye. Sau da yawa abin da ke karyewa cikin jirgin ne, wani lokaci kuwa ƙugun mutum.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ne. To, amma jinka dabam, jirgi dabam, domin shi jirgi yana da ɗan dako wanda ba ya gajiya, ba ya kuma karɓar lada, watau ruwan da ya ke kai. Mutum biyu, kai har mutum ɗaya, ya isa ya ɗora jirgi mai nauyin rabin tan a kan tirela cikin 'yan mintoci, in dai ya san yadda zai bar wa ruwa aikin ɗauka, shi kuma ya tsaya ga aikin saiti.

Me ya kawo wannan magana?

Mai karatu na Kano ko Zariya ya iya cewa, ina ruwan wanda ba shi da jirgi da tirelar jirgi? Ambaliya ta riga ta ba da amsa. A 2012 kogin Kwara da na Binuwai suka yi toroƙo, mutum 363 suka rasu bisa ƙididdigar gwamnati, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, hanyar Lakwaja zuwa Abuja ta yanke kwana da kwanaki, har matafiya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. A 2022 abin ya dawo, ya ci rayuka fiye da 600. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehu da Asibitin Koyarwa.

Maiduguri ba garin jirage ba ne. Duk jirgin da zai yi ceto a gari irin wannan a kan taya zai zo, a sauke shi a wannan unguwa, a ɗauke shi a kai waccan, watakila sau biyar ko shida a yini. In kowace ɗorawa tana cin sa'a guda da ƙarti goma, sai mai karatu ya lissafa sa'o'in da mutanen da ke kan rufin ɗaki za su yi suna jira.

Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan wuya tun da daɗewa. Ran 12 ga Janairu, 1899, hadari ya rutsa da wani babban jirgi mai suna Forrest Hall kusa da gaɓar Porlock. Jirgin ceto da aka nema yana ƙauyen Lynmouth, amma haukan teku ya hana a sa shi a ruwa a can. Sai mutanen ƙauyen suka ɗora shi a kan kekensa, nauyinsu duka wajen tan 10, suka ɗaura dawaki kusan 20, mutum wajen 100 suka kama, aka haura tsauni da shi cikin dare da ruwan sama, tafiyar mil 13. Taya ta fita a hanya aka mayar, aka rushe katanga don a sami wurin wucewa. Sai da asuba suka isa Porlock, bayan fiye da sa'a goma. Allah ya sa ba a rasa ko ɗaya daga mutanen babban jirgin ba, amma wannan dare ya nuna cewa gudun jirgin ceto a ruwa bai fi gudunsa a ƙasa muhimmanci ba.

A Amurka kuwa, inda akwai jiragen shaƙatawa da na kamun kifi masu rajista fiye da miliyan 11, galibinsu ƙanana ne waɗanda ke kwana a gida a kan tirela. Da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a watan Agusta 2005, ɗaruruwan masu irin waɗannan jirage na Jihar Luwiziyana suka maƙala tirelolinsu a mota suka nufi birnin, suka tsamo dubban mutane. Sun sake yin haka a Houston a 2017. Ba sojoji ba ne, masunta ne da mafarauta, abin da kawai suka ƙware a kai shi ne sauke jirgi da ɗora shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ko ba ambaliya, ga ma'aikatan kifi da ke zagaya madatsun ruwa, ga 'yan sandan ruwa, ga masu jiragen fito da ke kai jirgi gyara, ga masunta masu bin kifi daga wannan tafki zuwa wancan. Duk aikin nan ya shafe su.

Siffar tirelar

Ba babbar tirelar nan ta dakon siminti da shanu mu ke nufi ba. 'Yar ƙarama ce ta ƙarfe, mai taya biyu ko huɗu, da dogon wuya wanda a ke maƙalawa a bayan mota. A kan wuyan akwai ginshiƙi gajere mai ɗauke da winci na hannu, da wani matokari na roba inda goshin jirgi ke zuwa ya tsaya. Shi kuma jirgin yana da zobe na ƙarfe a goshinsa inda a ke saƙala ƙugiyar winci.

Gadon da jirgin ke kwanciya a kai iri biyu ne. Akwai na katako, watau dogayen katakai biyu ko huɗu da a ke lulluɓe wa kafet. Akwai kuma na rola, jerin 'yan tayoyin roba masu juyawa, waɗanda jirgi ke gangarawa a kansu. Na katako ya fi araha, ya fi tallafar cikin jirgi a doguwar tafiya, kowane mai walda da kafinta sun iya haɗa shi. Na rola ya fi tsada, yana kuma son kulawa, amma ya fi sauƙin aiki a wurin da ruwa ba zurfi.

Zurfi shi ne kan gaba

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin tsibirin Sisili, ya bayyana cewa duk abin da ya shiga ruwa, ruwan yana ɗaga shi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka jirgi mai kilo 600 da ke yawo a kan ruwa ya ture lita 600 ke nan, ruwa kuma ya ɗauke masa nauyinsa kaf. Kowane taku da aka jawo shi waje, ruwa na sakin wani kashi na nauyin yana miƙa wa tirela. Gwaninta duka ita ce a sa wannan miƙawa ta zo a hankali, kuma a daidai wurin da a ke so.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tura tirela cikin ruwa fiye da kima, wai don jirgi ya hau da kansa. Lalle zai zo har matokari ba wahala, amma bayansa na nan yana lilo a sama da katakan, bai taɓa kome ba. Da mota ta ja, sai ya zauna duk inda iska ta bar shi, a karkace, wani lokaci ma a kan murfin taya. Sai a koma ruwa a sake, a sake kuma. Kishiyar wannan ita ce a bar tirela a tudu, a ce winci ya yi aikin duka. Nan ne igiya ke tsinkewa, ko zoben goshi ya tumɓuke da ɓangaren jirgin.

Ƙa'idar da masu jirage suka daɗe suna bi ga tirelar katako ita ce, kashi biyu cikin uku na tsawon katakan su nutse, kashi ɗaya ya rage a waje. Da haka goshin jirgi zai tarar da katakan tun da wuri, su kama shi su miƙar da shi, alhali bayansa mai nauyin inji yana kan ruwa har yanzu. Tirelar rola kuwa ba ta son zurfi. Rolar ƙarshe ko biyu su jiƙe ya isa, a kawo ƙashin cikin jirgi daidai tsakiyar rolar, winci ya ƙarasa.

Kowace tirela da jirginta suna da nasu zurfi. Hanyar gano shi ba wuya: ran da a ke sauke jirgi, a lura da inda ruwa ya kai a jikin tirela sa'ad da jirgin ya fara motsi. Wurin ɗorawa ya kan zama ƙasa da wannan kaɗan. In an same shi, a shafa fenti mai haske a wurin, yadda direba zai hango ta madubi, kada a riƙa sabon lalube kullum. A kuma tabbata tayoyin biyu suna daidai. In ɗaya ta faɗa rami, ko malamin jirgi ne ba zai ɗora shi a miƙe ba.

Kafin a zo ga tirela, a rage wa jirgi kaya. Ruwan da ya taru a cikinsa lita 100, watau jarka huɗu, nauyin buhun siminti biyu ne. Inji mai ƙarfin doki 40 ya kan kai kilo 70, shi ba a cire shi, amma tankin mai da anga da taru da fasinja duk a sauke su. Abin da ya rage a ciki a raba shi dama da hagu daidai, domin jirgin da ya karkata a ruwa a karkace zai zauna a tirela.

Maganin tirjiya

Abin da ke wahalar da mai ja kashi biyu ne: hawan gangare, da tirjiyar da cikin jirgi ke yi a kan gadonsa. Bari mu yi lissafi a ƙiyasce da jirgin nan mai kilo 600. A gangaren da ke hawa taku ɗaya cikin kowane taku takwas, hawan kaɗai yana bukatar ja na kilo 75. Amma tirjiya a kan busasshen katako ta kan kai kashi 40 cikin 100 na nauyin, watau kilo 240. Jimla kilo 315. Ashe dai ba tudu ne babban abokin gaba ba, tirjiya ce. A kan rola mai lafiya kuwa tirjiyar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, sai jimlar ta faɗo zuwa wajen kilo 130.

Mai tirelar katako ba sai ya sayi rola ba kafin ya sami sauƙi. Na farko, kada ya ɗora jirgi a kan busasshen kafet. Ya tura tirelar ta nutse duka tukuna, sa'an nan ya jawo ta zuwa alamar fenti. Na biyu, ya riƙa wanke yashi daga kafet, gama yashi na ƙara tirjiya, yana kuma cin cikin jirgin faiba kamar sanfefa. Na uku, ya goga kyandir a kan katakan sa'ad da suka bushe, ko ya fesa man silikon. Wanda ya fi duka daɗewa shi ne a ɗaura falle-fallen roba mai santsi a kan katakan, da kusoshi masu nutsewa yadda kansu ba zai karci jirgi ba. Kada a shafa baƙin mai. Yana kama yashi, yana ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Sai dai santsi na da nasa sharri. Gadon da jirgi ke hawa da sauƙi, da sauƙi kuma ya ke zamewa. An sha ganin wanda ya kwance ƙugiyar goshi tun yana saman gangare, ya taka birki yana ribas, jirgi ya sulale ya faɗi a kan kankare. Doka ɗaya ce: ba a kwance goshi sai bayan jirgi ya taɓa ruwa, ba a kuma jan mota sai an ɗaure goshi.

Winci da haƙƙinsa

Winci na hannu ƙaramin abu ne, amma lissafinsa babba ne. In hannunsa na da tsawon santimita 25, gangar da igiya ke naɗewa a kai tana da santimita 5 daga tsakiya zuwa gefe, giyarsa kuma sai an juya hannu sau biyar ganga ta juya sau ɗaya, to, ya ninka ƙarfin mutum sau 25. Ja na kilo 300 ya koma kilo 12 a hannu, da ɗan ƙari saboda gogar haƙoran giya. Ga ƙarti goma nan a cikin ƙarfe ɗaya.

Abu guda da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, yayin da igiya ke taruwa a kan ganga, gangar na ƙara kauri, ƙarfin winci na raguwa, kuma daidai lokacin ne jirgin ya fi nauyi domin ya kusa fita daga ruwa. Don haka kada a cika ganga da igiyar da ta wuce bukata. In taku na ƙarshe ya gagara, ba a dagewa. A sa direba ya ƙara ribas taku ɗaya ko biyu, ruwa ya ɗan ɗaga bayan jirgin, sai a ga hannu ya yi sauƙi.

A sayi winci wanda ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ya kai aƙalla rabin nauyin jirgi da kayansa, in gangaren mai tsayi ne kuwa a ƙara. Tsayinsa ya yi daidai da zoben goshi, yadda igiya za ta ja a miƙe, ba ta danne goshi ƙasa ba. Ɗamara mai faɗi ta fi wayar ƙarfe, wadda ke tsatsa tana yankar hannu. Mai juyawa ya tsaya a gefe, kada fuskarsa ta yi layi da igiya. Kada kuma ya saki hannun winci sai ya ji harshen da ke riƙe giya ya kama, domin hannun da ya kuɓuce yana juyawa da ƙarfin da ya isa ya karya tsintsiyar hannu ko haƙori.

Iska da gudun ruwa

Jirgi ba shi da birki, ba ya kuma tsayawa inda aka bar shi. Iskar hunturu a Tiga ko gudun ruwan Binuwai da damina sun isa su kauce da bayan jirgi kafin a juya winci sau uku. Dabara ita ce a fuskanci abin da ke turo ka. A kogi, direba ya ɗan karkata wutsiyar tirela wajen da ruwa ke gangarawa, matuƙi kuma ya wuce ƙasa ya juyo, ya zo yana haurar ruwa a hankali. Jirgin da ke haurar ruwa yana jin linzami, wanda ruwa ke korawa kuwa ba ya ji. In iska ce ke bugowa daga gefe, a ɗaura doguwar igiya a bayan jirgi, mutum ɗaya ya riƙe ta daga ɓangaren da iskar ke fitowa.

Abin da ya fi kowane arha da amfani shi ne sandunan jagora. Ƙarafa biyu ne a ke kafawa tsaye a wutsiyar tirela, dama da hagu, a zura musu fayif na roba irin na famfo, a bar ratar yatsa biyu tsakaninsu da gefen jirgi. Suna fitowa sama da ruwa, matuƙi ya ga ƙofar da zai shiga ko da ruwan ja ne wur ba a ganin tirela. Suna hana bayan jirgi kaucewa, suna kuma nuna wa direba inda tirelarsa ta ke sa'ad da ya ke ribas da ita ba kaya. Aikin yini ɗaya ne a wurin mai walda.

Shi kansa ribas da tirela koyo ya ke so. Direba ya sa hannu a ƙasan sitiyari. Duk wajen da ya ke son wutsiyar tirela ta nufa, can zai kai hannunsa, kaɗan-kaɗan. In ta fara naɗewa, ya ja gaba ya miƙe ya sake. A filin ƙwallo a ke koyon wannan, ba a bakin ruwa jama'a na kallo ba.

Akwai masu hawa tirela da ƙarfin inji maimakon winci. Yana da sauri, amma farfela na haƙa rami a ƙarshen gangare, ta tara yashi a bayansa, gobe tayar wani ta faɗa. Saboda haka aka hana shi a wurare da yawa a Amurka. A zo da inji a hankali har goshi ya taɓa gado, a kashe, a ɗaga ƙafar injin, winci ya karɓa.

Inda babu gangaren kankare

A ƙasashen da wannan sana'a ta kafu, a kan gina gangaren kankare mai zane-zane don taya ta kama, wanda ke sauka santimita 12 zuwa 15 a kowace mita. In ya fi haka kwanciya, mota za ta shiga ruwa kafin jirgi ya taso. In ya fi haka tsayi, mota ba za ta iya fitowa da kaya ba. A yawancin bakin ruwanmu babu irin wannan, sai laka da yashi. Bugu da ƙari bakin ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, ruwansa na hawa da sauka kusan mita 10 a shekara, saboda haka inda aka ɗora jirgi a wannan wata ya iya zama fili ko taɓo bayan wata uku.

A irin wannan wuri, kafin taya ta taɓa ruwa mutum ya shiga da sanda ya taka hanyar da ƙafarsa. A shimfiɗa katakai masu kauri biyu a layin tayoyi. In gaɓar ta cika kwanciya, a yi wa tirela ƙarin wuya, bututun ƙarfe mai mita biyu ko uku wanda a ke zarowa a bakin ruwa a mayar in za a hau titi. In kuwa laka ta yi yawa, mota ta tsaya a kan tsandauri, a sa wa tirela weji, a kwance ta, a haɗa ta da mota da igiya mai ƙarfi, a sake ta a hankali a kan 'yar tayar da ke wuyanta. Bayan an ɗora jirgi mota ta jawo su tudu, a sake sa weji, a maƙala. Muddin tirela na kan igiya, kada kowa ya tsaya a bayanta ko tsakaninta da mota.

A lokacin ambaliya titin da ya gangara cikin ruwa shi ne gangare. Amma ruwan na ɓoye lambatu da bakin kwalbati da wayar lantarki, ya kan kuma cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta. Sandar nan dai ita ce idon direba.

Mota ma tana nutsewa

Hatsarin da ya fi muni a wannan aiki shi ne mota ta bi tirela cikin ruwa. Gansakuka a kan kankare ta fi sabulu santsi, birkin hannu kuwa a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai ya ke riƙewa, su ne kuma ke kan jiƙaƙƙen wuri. Tayoyin baya su tsaya a bakin ruwa, salansa a waje. In direba zai fita, ya ja birkin hannu, ya kashe mota ya bar ta a giya, yaron mota ya sa weji. Gilashi a sauke, kuma kada a bar yara ko kowa a ciki. Wanda ke cikin jirgi ya sa rigar ruwa, ko da ruwan iyakar gwiwa ne a inda ya ke tsammani. Wajen fita a sa giya ta ɗaya a ja a hankali, gama tayar da ta fara juyawa a banza rami ta ke haƙa wa kanta.

Tirelar ma tana da ciwon da ba a gani. Boris ɗin tayoyi na yin zafi a doguwar tafiya, in aka tsoma shi cikin ruwa nan take sai iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, giris ya lalace, wata rana taya ta fice a kan titi. A bar shi ya huce yayin da a ke kwance ɗamaru, a kuma riƙa duba giris. A cire wayar fitilu kafin a shiga ruwa. Masu aiki a ruwan gishiri, kamar na Ikko da Fatakwal, su ɗauraye tirela da ruwan daɗi kowace rana.

Kafin a hau titi

Da jirgi ya hau, a ja gefe a ba na baya wuri. A buɗe toshiyar da ke bayan jirgi ruwa ya tsiyaye. A ƙara sarƙa a zoben goshi, domin winci na ja ne, ba na ɗauri ba. A ɗaure bayan jirgi da ɗamara biyu, a tokare ƙafar inji. Nauyin da ke danne maƙalar mota ya zama tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin tirela da jirgi. In ya gaza haka, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a guje. Maganinsa a matsar da ginshiƙin winci gaba kaɗan.

A kuma tsince duk ciyawar da ta maƙale a tirela da farfela. Ciyawar nan mai kama da kainuwa, mai fure ruwan shuni, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, an fara ganinta a Nijeriya a wajen Badagiri a 1984, bayan 'yan shekaru ta kai Kainji tana toshe hanyar jirage. Ɗan reshe ɗaya a jikin tirela ya isa ya kai ta tafkin da ba ta taɓa zuwa ba.

Duk abin da muka lissafa, ban da gangaren kankare, ba wanda ya fi ƙarfin mai walda da kafinta na kowane gari. Gangaren kuwa aikin hukuma ne. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, da hukumomin raya koguna, da gwamnatocin jihohi, ya kamata duk inda za su gina kwata su sa gangaren tirela a cikin tsarin, mai tsawon da zai kai ruwa rani da damina. Hukumomin agajin gaggawa kuma, in za su sayi jirgi su saye shi da tirelar da aka auna masa, su ware direba da matuƙi su riƙa gwada saukewa da ɗorawa a madatsar ruwa mafi kusa tun da rani, ana duba agogo, har hannunsu ya faɗa. Ruwa ba ya aiko da manzo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.